Guɗar da Na Yi wa Mai Jan Wando

Ranar da abin ya faru babu wanda ba ya wurin, kuma har yau ina iya jero su. Surukata, matar ɗana marigayi, tana zaune a damata bisa tabarmar da ta ɗauko mana. A haguna akwai maƙwabciyata mai tuyar ƙosai, wadda muka tsufa muna gaisawa ta kan danga ba tare da ɗayarmu ta taɓa son ɗaya ba. Mai unguwa yana kan kujerar roba a inuwar mangwaro. Limamin masallacin bakin kasuwa yana kusa da shi, haka ma fastonmu, wanda ya ce wucewa kawai yake yi amma bai wuce ba. Tsofaffin sojoji abokan mijina sun yi layi a kan benci da sandunansu. Matan zumuntar cocinmu sun zo. Matan Fulani sun sauke ƙoren nononsu a gindin itace. 'Yan kabu-kabun da suka kwaso mutane daga Ribah da Kanya da Dirin Daji sun jingine baburansu sun haye bisa don su hango fili. Yarinyar da jikana ke nema tana nan, da ubanta. Makaɗa na nan. Jikana yana tsakiyar fili. Ni ma ina nan, a sahun gaba, wurin da ake bar wa tsofaffin mata.

Kokawa ce ta bayan girbi, wadda ake yi a filin makarantar firamare idan dawa ta shiga rumbu, mutane suka samu sararin zama. A shekarun da wayar hannu ta fara shigo mana Zuru ne, lokacin da mai ita ke rataya ta a wuya don a gani.

Kafin ranar, da ido aka san ni a unguwarmu. Ban yi boko ba, ban san baƙi ko ɗaya ba, amma ina da ƙofar gida da turmin da na kife nake zama a kai, kuma hanyar rijiya ta gabana take bi. Na san ɗiyar wa ta daɗe a ɗebo ruwa. Na san akuyar wa ta shiga gonar wa. Na san mijin da ya ce ya tafi gona alhali fartanyarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Ba na gulma, a gaban mutum nake faɗa. Uwaye kan ce wa yaransu, "Ka bari ko in kai ka wurin Uwar Soja." Haka suke kirana, don mijina soja ne, ɗana ma soja. Ina jin daɗin sunan, ba zan ɓoye ba.

Abin da ba wanda na gaya wa shi ne, tun daminar da ta gabata idanuna suka fara yin hazo. Da farko kamar hayaƙin murhu, in murza ya ƙi tafiya. Daga baya fuskoki suka narke. Mutum zai taho, in ga tsawonsa da launin rigarsa, amma inda hanci da baki suke sai wani abu kamar kunu. Sai na koyi dabara. Na riƙa gane mutane da tafiyarsu, da tarinsu, da ƙarar takalminsu, da tufafin da na san suna da su. Mai ƙosai tana jan ƙafar hagu. Mai unguwa yana kakin majina kafin ya yi sallama. Na ci gaba da zama a kan turmina ina kallon hanya da fuska a ɗaure, kowa ya wuce ya rusuna, ba wanda ya san rabin abin da nake yi saurare ne.

Jikana shi kaɗai ne namijin da ya rage mini. Ubansa ya tafi yaƙin wata ƙasa a bakin teku, aka dawo mana da akwatin kayansa ba shi. Yaron ya tashi a hannuna da na uwarsa. Wasu kakanni na wasa da jikokinsu, su kira su maigida, su ce ina kuɗin cefane. Ni ban taɓa yi ba. Na ga kamar idan na sake masa fuska zai lalace. Ya girma da faɗin ƙirji irin na kakansa, kuma a lokacin yana golmo, wato noman da saurayi ke yi wa uban yarinyar da yake so, shi da abokansa, damina bayan damina, kafin a ba shi ita.

Ba na son kokawarsa. Na ga yadda abin yake tafiya a garin nan. Yaro zai kayar da mutum biyu uku, makaɗa su kama sunansa, tsofaffin sojoji su dafa kafaɗarsa su ce wannan ƙirjin na kaki ne. Shekara na zagayowa sai ka ji ya tafi ɗaukar soja. Ta nan mijina ya bi, ya dawo da kunne ɗaya a toshe. Ta nan ɗana ya bi. Ban iya faɗa wa yaron haka da taushi ba, ban san yadda ake yi ba. Abin da na iya shi ne faɗa.

Da safiyar ranar ya fito daga ɗakinsa sanye da jan gajeren wando, irin na 'yan ƙwallo, wanda ya saya a kasuwa musamman don ranar. Jan nan har ni na gan shi sarai. Ya durƙusa a gabana.

"Kaka, a sa mini albarka."

"Albarkar mi? Ta birgima a ƙasa kamar jaki?"

"Kaka, uban yarinyar zai zo. Da ɗan Ribah za a haɗa ni, wanda ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba."

Mai ƙosai tana bayan danga tana juya mai, na san tana ji. Sai na ɗaga murya don ta ji da kyau.

"To ka ji ni. In ɗan Ribah ya kayar da kai, ni da kaina zan shiga fili in yi masa guɗa. In share masa zufa da ɗankwalina. Wataƙila ka dawo cikin hankalinka."

Ya yi 'yar dariya ya miƙe. Mai ƙosai ta ce daga can, "Kai, Uwar Soja, bakinki ko wuƙa." Na ji daɗi. Na ɗauka maganar ta ƙare a nan.

A wurinmu, idan yaro ya yi kaye, tsohuwar gidansu ce ke fara guɗa. Ita ke shiga fili ta kwance ɗankwalinta ta share masa fuska, ta ɗaga hannunsa, sannan sauran mata su amsa. Ba a yi wa ɗan wani. Na yi wa mijina tun ina budurwa daga nesa ina ɓoye baki, uwarsa ce ta shiga. Na yi wa ɗana. Kuma duk da abin da na faɗa da safe, da zan fita sai na ɗaura sabon ɗankwalina, wanda nake ajiya a ƙasan akwati. Surukata ta gani, ta juya ta naɗe mana tabarma.

Aka fara da ƙananan yara, ana ta dariya. Aka zo kan matasa. Ni dai ina ganin inuwoyi suna cakuɗewa suna rabuwa, idan jama'a suka yi ihu in gyaɗa kai kamar na ga yadda aka yi. Mai ƙosai ta taɓa ni.

"Kin ga ƙafar da ya sa masa?"

"Na gani. Tun da ya shigo na san ba shi da gindin tsayuwa."

Ban ga komai ba.

Abin da ban sani ba, jikana ya yi karawar gwaji da wani abokinsa a bayan ajujuwa kafin a fara, jan wandon ya yage daga baya. Sai abokin ya ba shi nasa baƙi. Ɗan Ribah kuwa, shi ma a kasuwa ɗaya ya yi sayayya, ja ya sa. Duk wanda ke filin ya ga haka. Ba abin da za a tsaya faɗa wa mutum ba ne, balle Uwar Soja.

Kiɗa ya canza, aka kira su. Na ga ja ya shigo ta wannan gefe, baƙi ta wancan. Zuciyata ta bi ja. Suka sunkuya suna zagaya juna, suna tafa hannu, suna neman kama. Na ji benci ya yi ƙara, tsofaffin sojoji sun miƙe. Aka daɗe. Baƙi ya tura ja har bakin mutane, na kama tabarma na matse. Ja ya dawo. Suka sarƙe, suka tsaya cik kamar an dasa su, ba ka jin komai sai ganga da numfashinsu. Ina cewa a raina, Ubangiji, kada ka kama ni da maganar safe, ka bar mini yarona a tsaye.

Sai ga baƙi a sama, ƙafafu na harbin iska. Sai tim a ƙasa. Ja yana tsaye.

Ban san lokacin da na tashi ba. Ni da gwiwa ke hana ni tsallake kwata, sai ga ni a guje. Na kama hancina na rangaɗa guɗa irin wadda ban yi ba tun ranar da ɗana ya yi kayensa na ƙarshe a filin nan. Na ji surukata ta kama bakin zanena tana cewa "Mama, Mama," na fizge. Na ɗauka kunya take ji mini. Na tsallake wanda ke kwance, ƙafata har ta taɓa hannunsa. Na fizgo ɗankwalina, furfurata a waje, na kama wuyan ja na jawo kansa ƙasa, na share masa fuska, na sake guɗa, na ɗaga hannunsa sama.

Ba wanda ya amsa.

Gefen mutanen Ribah da suka fara ihu ma sun yi tsit. Ganga ta ƙara bugu biyu ta mutu. A nan hancina ya gaya mini abin da idona bai gaya mini ba. Na san warin zufar jikana tun yana cikin zane. Wannan ba ita ba ce. Kunnen da na taɓa da yatsana yana da tsaga, jikana ba shi da ita. Yaron ya sunkuyo ya ce da wata murya da ban sani ba, a hankali, "Na gode, Iya. Amma ɗanku ga shi nan ƙasa."

Sai na ji muryar da na sani daga wajen ƙafafuna.

"Kin cika alkawari, Kaka."

Bai ɗaga murya ba, amma filin ya yi shiru har an ji. Ya tashi, ya kakkaɓe jikinsa, ya ratsa mutane ya fita. Na ga baƙin wando yana tafiya da tafiyar kakansa, kafaɗar dama a ɗan karkace. Da a ce tafiyar na kalla tun farko, ba launi ba.

Na komo wurina da ɗankwali a hannu, jiƙe da zufar ɗan mutane. Mai ƙosai ta riga ta juya tana ba matan baya labari.

"Wallahi da kunnena na ji ta faɗa da safe. Na ce wasa take. Ashe matar nan ba ta wasa." Ta juyo gare ni. "Uwar Soja, ke dai ba a haife ki da tausayi ba. Maraya fa! Gaban surukinsa!"

Wani tsohon soja ya ce, "Ko a bariki ba a yi wa kurtu haka."

A nan na gane abin da suka ɗauka. Ba wanda ya yi zaton kuskure ne. Ta yaya Uwar Soja za ta kasa gane jikanta, ita da ke hango ɓarawon kaza daga bakin rijiya? Sun ɗauka da gangan na yi, don horo. Wasu na tsine mini a ransu, wasu kuma na ji a muryarsu tsorona ya ƙaru. Kalma ɗaya ta isa ta warware komai a wurin: ban gani ba. Na buɗe baki. Sai na tuna turmina, da hanyar rijiya, da yadda ake rusuna mini. Na tuna duk abin da na ce na gani a watannin nan, wanda za a zauna a sake aunawa. Na rufe bakin. Na ɗaura ɗankwalin, na miƙe zaune, na kalli sauran kokawar har aka tashi, ina gyaɗa kai.

Wannan zaman ya fi guɗar ci mini rai. Guɗa ido ne ya yi ta. Zaman ni na yi shi.

Da muka koma gida rana ba ta faɗi ba tukuna. Yana cikin ɗakinsa, ƙofa a rufe. Uwarsa ta kai masa tuwo, ta dawo da shi ba a taɓa ba. Na ji ƙarar zip ɗin jaka. Ta zo ta zauna kusa da ni a tsakar gida, abin da ba ta saba ba, don kullum nesa-nesa take da ni.

"Ya ce gobe zai bi motar safe. Wurin kawunsa a bariki. Ya ce ba zai iya taka gonar uban yarinyar ba kuma. Kaye kowa na sha, ya ce, amma wanda kakarsa ta tsallake shi ta yi wa baƙo guɗa ba shi da fuskar zama garin nan."

"Ya tafi mana. Na riƙe shi?"

Tana murza bakin zanenta, ina jin sautin.

"Mama, ni na sani."

"Kin san mi?"

"Tun damina nake sake tsince shinkafa bayan kin tsince. Ranar nan kin zuba wa kaji gishiri kina ce tsaki ne. Na share ban faɗa ba."

Da ƙasa za ta tsage da na shiga. Yarinyar da na yi shekaru ina duba wankinta da shararta, ina nuna mata inda ta bari, ashe ita ke bin bayana tana gyarawa, tana kuma cewa to Mama idan na yi mata faɗa.

Na ce, "To tunda kin sani, je ki gaya masa."

"Na gaya masa. Ya ce ina rufa miki asiri ne don a zauna lafiya. Ya ce Kaka da ke ganin allura a cikin yashi." Ta tashi ta ɗauki kwanon tuwon. "Daga bakinki kawai zai yarda. Kuma ba shi kaɗai aka yi abin a gabansa ba, Mama."

Ba ta taɓa yi mini magana haka ba. Na shiga ɗaki da wuri.

Da gari ya waye na ji mai ƙosai ta ɗora kasko, masu saye sun fara taruwa a bakin danga, mata na wucewa rijiya. Na ɗauko sandar mijina daga bayan ƙofa, wadda na rantse ba zan dogara ta ba sai na mutu. Ban je ƙofar ɗakinsa ba. Na fita waje na tsaya kusa da turmina, inda kowa ke ganina, na jira.

Ya fito. Na gane shi da kafaɗa. Ya rusuna kaɗan ba tare da ya tsaya ba.

"Na tafi, Kaka."

"Tsaya nan." Na ɗaga murya yadda na ɗaga ta jiya. "Ban gan ka ba jiya. Ja na gani, na ɗauka kai ne. Ba na gani. Tun damina ba na ganin fuskar kowa a unguwar nan."

Ƙosai na ta soyuwa, ba mai juyawa. Wata mata ta sauke bokitinta.

Ya juyo. Sannan ya matso, ya ɗaga wani abu baƙi a gabana.

"Mi ke hannuna?"

Na san jaka ce, na ji zip ɗinta jiya. Amma gaskiyar ido ya tambaya.

"Wani dunƙule. In ka ce mini ɗan akuya ne zan yarda."

Wani yaro a layin ƙosai ya tuntsire da dariya, uwarsa ta make shi. Mai ƙosai ta ce, "To ni da kika ce kin ga na murguɗa miki baki ran kasuwa fa?"

"Ban gani ba. Amma na san kin yi."

"Na yi," in ji ta. "Kullum ina yi."

Aka yi dariya, ni ban yi ba. Fuskata kamar an watsa mata barkono. Na ɗaga sandar na miƙa masa ƙarshenta.

"An ce ana duba ido a asibitin gwamnati. Ban san hanya da ƙafa ba yanzu. Riƙe nan ka ja ni, maigida."

Ban taɓa kiransa haka ba. Na ji ya ja numfashi. Na ji jakar ta sauka a kan turmina.

"In tsayar da kabu-kabu, Kaka?"

"A'a. Da ƙasa. Ta cikin kasuwa za mu bi, mu biya ta ƙofar gidan uban yarinyar, ina da magana da shi."

Ya kama ƙarshen sandar, na riƙe nawa, muka bi hanyar rijiya. Duk wanda ya gaishe ni sai in tsaya in tambaye shi, "Wane ne?"